Agogon Babur Ba Ya Ƙirga Shekarun Taya

A watan Oktoba na 2024 ƙanena ya shigo gida bakinsa har kunne, ya ce ya yi tsintuwa. Wani tsohon malamin firamare ne ya rasu a nan Kafanchan, magada suka sa babur ɗinsa a kasuwa. Bajaj Boxer ne, fenti bai ƙwarzane ba, ledar kujera tana nan yadda ta zo daga shago, agogonsa ko kilomita 6,000 bai cika ba. Marigayin ya saye shi ne da kuɗin sallamarsa daga aiki, kuma ba ya hawa sai ranar Lahadi in zai je coci, ko ƙarshen wata in zai je banki. Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, sai babur ɗin ma ya kwanta a ɗakin ajiya.

“Yaya, ko taya ba a taɓa canza masa ba,” in ji ƙanena. “Na kamfani ne, zanensu ko siɗewa bai fara ba.”

Abin da ya kawo a matsayin yabo shi ne ya tsaya mini a rai. Washegari muka nemi izinin magada, muka tura babur ɗin zuwa rumfar wani dattijo mai faci a kan hanyar Kagoro. Dattijon ya tsuguna, ya goge gefen tayar gaba da tsumma, ya danna farcen babban yatsansa a kan zanen. Farce bai shiga ba. Ya sace iskar, ya lanƙwasa gefen tayar da hannu biyu, sai ga ƙananan tsagogi sun buɗe baki a jere kamar fason ƙafa a tsakiyar hunturu. Daga nan ya nuna mana wasu lambobi huɗu a cikin wani ɗan kewaye: 3516.

“Mako na 35, shekarar 2016,” in ji shi. “Ɗana, wannan tayar ta shekara takwas a duniya.”

“Baba, ai ba ta ci hanya ba.”

“Ba hanya kaɗai ke cin taya ba. Zama ma yana ci.”

Ni ba na saurin yarda da maganar wanda zai ci riba in na yarda. Mai sayarwa so yake a saya, mai faci kuwa ga sababbin tayoyi nan rataye a rumfarsa. Don haka da na koma gida sai na ɗauko takarda na raba ta biyu, gefe ɗaya abin da canjin taya zai ci, ɗaya gefen abin da barinta zai ci. Wannan lissafin nake son mu bi tare, domin irin wannan babur ya yi yawa a Kudancin Kaduna, masu neman sa kuma sun fi shi yawa.

Yadda zama ke cin taya

Taya roba ce da aka dafa da farar wuta da wasu sinadarai, aka shimfiɗa ta a kan zaruruwa masu ƙarfi. Tun daga ranar da ta fito daga injin, iskar nan da muke shaƙa take ratsa ta a hankali tana busar da ita, kamar yadda take sa wa ƙarfe tsatsa. Zafi yana ƙara wa wannan aiki sauri, hasken rana ma haka. Masu ƙera taya sun san da wannan, shi ya sa suke cuɗa wani irin kaki da magungunan kariya a cikin robar. Sai dai kariyar ta fi fitowa saman taya ne in ana hawa, tana juyawa tana lanƙwasa tana ɗumi. In aka jingine babur shekara da shekaru, abin da ke sama ya ƙare, na ciki bai fito ba. Iska kuma tana zurarewa kaɗan-kaɗan, nauyin babur ya danne wuri guda har ya lotsa. A haɗa wannan da ɗakin ajiya mai rufin kwano a watan Maris, ga jarkar fetur da baƙin mai suna ɗiga a gefe, za a gane dalilin da farcen dattijon nan ya kasa shiga.

Babura da yawa sun yi irin wannan zama a jiharmu. Daga ƙarshen Maris na 2020 dokar kulle ta korona ta tsare mutane a gida fiye da wata biyu. A ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta hana hawa babur, na haya da na gida, na tsawon wata uku a matakin farko saboda matsalar tsaro. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da dama, wasu suka jingine babur suka koma taka sayyada. Ga kuma baburan rabon 'yan siyasa da na tsofaffin ma'aikata da ake ajiyewa sai buƙata ta taso a sayar. Duk waɗannan agogonsu yana nuna ƙuruciya, robarsu kuwa ta tsufa.

Shi kansa agogon ba shaida ba ne da za a rantse a kansa. Waya guda ce ke juya shi daga wilin gaba. In ta tsinke, ko aka zare ta, lambar ta tsaya cak ko da an je Legas an dawo. Mai son sanin gaskiyar tafiyar babur ya dubi robar matakin ƙafa, da ta hannu, da haƙoran da sarƙa ke hawa. Su ba a juya su baya.

Shekara nawa ne ajalin taya?

A nan ma ban karɓi magana ɗaya na haɗiye ba, domin masanan kansu bakinsu bai zo ɗaya ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana shelar cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka ƙera ta. Ta ƙara ƙaimi a kan wannan bayan haɗarin ranar 6 ga Maris 2016 a hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda tayar mota ta fashe, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa. Wasu kamfanonin motoci sun ce shekara shida. Kamfanin Michelin kuwa cewa ya yi in taya ta shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta cika goma daga ranar ƙira a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba.

Wannan saɓanin yana nuna cewa taya ba ta da ranar mutuwa guda. Ban yarda talaka ya yar da lafiyayyar taya don kawai ta cika shekara huɗu da kwana ɗaya ba, wannan ɓarna ce. Ban kuma yarda a riƙe shekara goma a matsayin alkawari ba, domin goma ɗin iyaka ce ta ƙarshe, ga tayar da ta samu kulawa. A ƙasar da hunturu ke busar da komai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bazara ta gasa, damina ta jiƙa wata shida, shekaru da halin da taya ke ciki ake haɗawa a yanke hukunci. Ta ƙanena shekara takwas, ta ƙandare, ta tsattsage. Ko da wane ma'auni aka auna ta, ta faɗi.

Gefen farko: abin da canji zai ci

Na farko, kuɗin tayoyi biyu. Wannan kuɗi da dala yake tafiya. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, akasarin tayoyin babur da ke shagunanmu daga ƙasashen Asiya suke zuwa, su sauka a tashar jiragen ruwa, su bi ta hannun 'yan kasuwar Legas da Nnewi kafin su iso Kafanchan. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yuni 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa na ƙasa naira 70,000 ne, taya biyu a wata guda ba ƙaramin giɓi ba ne a tukunyar gida.

Na biyu, tiyub. Mutane da yawa sukan sayi sabuwar taya su mayar da tsohon tiyub don ragin kuɗi. Tiyub ɗin da ya shekara takwas ya riga ya saki, gindin bakinsa ya ruɓe, in aka cusa shi cikin sabuwar taya sai ya naɗe, wurin naɗin nan ne zai fara hudewa. In wilin mai sifok ne, akwai wata siririyar roba da ke rufe kawunan sifok, ita ma ta bushe. Kuɗinsu kaɗan ne, amma dole su shiga lissafi.

Na uku, ladan mai faci, da abin da zai tarar in ya buɗe. Wilin da ya daɗe a ɗaki mai laima yakan yi tsatsa ta ciki, sai an kankare, wani lokaci sai an ɗaure sifok an daidaita shi. Na huɗu, wunin da za a ɓata, wanda ga mai neman na yau da babur kuɗi ne tsaf.

Na biyar shi ne wanda ya fi damuna, domin shi ne zai iya mayar da duk kuɗin nan asara: sabuwar tayar da ba sabuwa ba ce. Taya tana iya shekara uku ko huɗu rataye a ƙofar shago rana na dukanta, a goge ta da mai ta yi ƙyalli, a miƙa wa mai saye. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kama tayoyin da aka cusa cikin juna don a rage kuɗin ɗauko su, kuma wannan cusawar tana lalata gefensu tun ba su taɓa ƙasa ba. Akwai kuma masu arha da robarsu ba ta da kauri, damina ɗaya ta gama da su. Wanda ya cire tsohuwar tayar kamfani ya sa irin wannan, garin neman ƙiba ya samo rama. Maganin abin shi ne a karanta lambobin nan huɗu a shago kafin a miƙa kuɗi: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In lambobi uku ne kawai, kafin shekarar 2000 aka ƙera ta. In babu lamba sam, ko an ga alamar kankara a wurin, a mayar wa mai shago kayansa. A kuma tabbatar girman ya zo daidai da wanda ke rubuce a jikin tsohuwar.

Na shida, taya ce kawai ido ke gani, amma ba ita kaɗai ta tsufa ba. Batir ya mutu, tsohon fetur ya daskare a kabireta, bututun mai ya ƙandare, wayar birki ta cije, baƙin mai yana buƙatar juye. Duk wanda aka ce masa babur ya daɗe a ajiye, ya san cewa bakanike yana da rabo a ciki.

In aka tara waɗannan shida, arahar da ƙanena ya gani ta ragu sosai. Wannan gaskiya ce, ba kuma zan ɓoye ta don in ci gardama ba.

Gefe na biyu: abin da bari zai ci

Mafi sauƙi a nan shi ne faci. Busasshiyar taya da tsohon tiyub ba sa riƙe iska, yau faci gobe faci, kowanne da kuɗinsa. Wanda ya taɓa tura babur a hawan da ke tsakanin Kagoro da Manchok, ko iska ta sace masa da magariba a hanyar gona inda babu rumfar mai faci, ya san cewa ba kuɗin facin ne abin ji ba. A wasu hanyoyinmu, tsayuwa a daji bayan faɗuwar rana ita kanta haɗari ce.

Sai abin da ba a gani, wato riƙon ƙasa. Mota tana da ƙafa huɗu, in ɗaya ta zame uku na nan. Babur biyu gare shi, kuma wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai kai tafin hannu ba. A kan wannan ɗan wurin ne birki da kwana da ran mutum suka dogara. Roba mai laushi tana shiga ƙananan ramukan kwalta ta kama. Wadda ta ƙandare sulɓewa take yi a kai, ko da zanenta na nan. Da rani mai babur ba zai ji bambanci sosai ba, shi ya sa yake ganin lafiya lau. Sai ruwan farko ya sauka a Afrilu ya taso da ƙura da man da suka kwanta a kwalta, ko a bi hanyar burji ta ƙauyukan Jaba da Zangon Kataf a watan Agusta lokacin da jan laka ya zama kamar sabulu, akuya ta gilma, a taka birki. A nan ne ake gane shekarun taya.

Sai kaya. Babur a yankinmu ba na ado ba ne. Shi ke ɗauko buhunan citta daga gonakin Kwoi da Kachia, shi ke kai doya da masara kasuwa, shi ke ɗaukar uba da uwa da yara biyu. Tayar da ta saba ɗaukar dattijo ɗaya a hankali zuwa coci, yanzu za a labta mata buhu biyu a bi ramuka da tsakar rana. Zafi da nauyi su ke buɗe tsagar da ke gefe har ta kai ga zare, daga nan sai fashewa. Tun bayan cutar da ta cinye cittar Kudancin Kaduna a 2023, buhun citta ya zama dukiya. Wanda ya tsira da 'yan buhuna bai kamata ya ɗora su a kan ruɓaɓɓiyar taya ba.

Sai karaya. Ƙashin ƙwauri in ya karye a jikin babba yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya koma ɗaukar nauyi. A lissafa kuɗin hoto, da na magani, da na mai ɗori ko na aiki a asibiti, in abin ya yi tsanani a wuce da mutum Jos ko Kaduna ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, da kuɗin mota da na mai jinya. Galibinmu daga aljihu muke biya, sau da yawa sai an sayar da akuya ko an jinginar da gona. In manomi ya faɗi a watan Mayu, damina ta wuce shi yana kwance. In ɗan acaɓa ne, babu shiga sai fita, kuma babur ɗin ma sai an yi masa gyara.

Na ƙarshe ba shi da farashi, wato wanda aka goya. Matar wani ce, ɗan wani ne, ya hau ne bisa amana, bai kuma san lambar da ke jikin tayar ba. In wani abu ya same shi, ko an yafe a baki, abin yana nan a zuciyar mai babur har ya mutu.

Za a ce mini ai ga wane can yana hawa da tsohuwar taya shekara da shekaru babu abin da ya same shi. Gaskiya ne, ba kowace tsohuwar taya ke fashewa ba, kuma wannan shi ke sa lissafin ya yi wuyar karɓa: gefen farko kuɗi ne tabbas da za a ƙirga yau, gefe na biyu kuwa mai yiwuwa ne. Amma kuɗin gefen farko yana da iyaka, an san shi, ana iya tara shi a mako biyu ko wata ɗaya. Na gefe na biyu in ya zo ba ya tambayar abin da ke aljihu. Za a kuma ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda, amma dogaro ga Allah bai taɓa hana manomi yi wa gonarsa shinge ba.

Wa ya kamata ya biya?

Da na gama tara gefe biyun, sai na ga tambayar ba ta a canza ko kada a canza ba ce. Tambayar ita ce daga aljihun wa kuɗin zai fito. Mai sayarwa yana ɗora farashi ne a kan ƙarancin tafiya, yana ƙirga tayoyin kamfani a cikin abin da ya ƙara wa babur daraja. Alhali kuwa tayar da ta shekara takwas bashi ce da mai saye zai biya. Wurin da ya dace a cire kuɗinta shi ne wurin ciniki, kafin a sallama.

Haka muka yi. Muka koma wajen babban ɗan marigayin, muka yi masa ta'aziyya, muka nuna masa lambar da tsagogin da idonsa, muka faɗa masa abin da tayoyi da tiyub da batir za su ci a shago. Mutumin kirki ne, bai ma san ana rubuta shekara a jikin taya ba. Ya rage abin da ya rage, muka cika sauran. Kafin ƙanena ya hau babur ɗin zuwa ko'ina, sai da aka sa masa sababbin tayoyi biyu da muka karanta lambarsu a shago, 'yan shekarar ne.

Ga wanda kuɗinsa bai kai na biyu a lokaci ɗaya ba, shawarata ya fara da ta gaba. Mun saba fifita ta baya saboda ita ke saurin siɗewa, amma ta gaba ce ke riƙe da kai da mafi yawan aikin birki, kuma in ta zame ba a cika samun damar gyara zama ba. Sannan kada ya yi goyo ko lodi sai ya sauya ta bayan. In kuwa tayar ba ta wuce shekara huɗu ko biyar ba, farce yana shiga, babu tsaga babu kumburi, to ya bar abarsa, ya riƙa auna iska duk mako yana dubawa. Ba kowace taya ce ta cancanci a yar ba.

'Yan'uwa masu neman babur na hannu, daga Kafanchan zuwa Zonkwa, daga Gidan Waya zuwa Kagarko: kafin ku dubi agogo, ku tsuguna ku dubi gefen taya. Ku tafi da mai faci wurin ciniki kamar yadda kuke tafiya da bakanike. Dillalai kuma su ji tsoron Allah su daina sayar da tsufa da sunan sabunta. In kuɗinka ya isa babur amma bai isa tayoyinsa ba, kuɗinka bai isa babur ɗin ba tukuna. Ka ƙara haƙuri ka tara.